Zabuwar da Aka Dafa wa Hamdiya

A ƙauyen su Fatsima, can bayan Garhanga, farar mota ba ta zuwa sai da zancen furoje: ko a jera duwatsu a gona don tare ruwa, ko a dasa itace. Shi ya sa da motar ta tsaya a ƙofar gidansu, tsohuwa Fatsima ko kai ba ta ɗaga daga waken da take gyarawa ba.

Mata biyu suka yi sallama. Ta farko, Rukaiya, ma'aikaciya ce a wata ƙungiyar agaji mai neman dangin waɗanda yaƙi ya raba da gida. Ta biyu doguwa ce, ramammiya, ta naɗe jikinta da mayafi irin na Sudan.

"Inna, wagga sunanta Hamdiya," in ji Rukaiya. "Yaƙi yak kore ta daga Nyala, can ƙasar Sudan. Wasu sunka ce za su ba ta aiki Libiya, ashe saida ta za su yi. Da anka kuɓutar da su, hukumomin can da na nan sunka haɗa kai anka kawo su Agadas. Ta ce kakanta mutumin nan ne, sunanai Manzo."

Wake ya zube daga farantin Fatsima. Manzo ƙanen mahaifinta ne, wanda ya kama hanyar Makka da ƙafa tun tana ƴar mitsitsiya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da take iya tunawa kawai shi ne yana saɓa ta a wuya idan za a je kasuwar Tamaske. Ta dubi baƙuwar, zuciyarta ta karɓe ta tun kafin a kawo ruwan sha.

Sai dai gidan yana da maigida, ƙanenta Alƙasim, mutumin da ko akuya zai saya sai ya buɗe mata baki har sau uku. Rukaiya ta gaya masa gaskiya: idan dangi suka amsa, Hamdiya za ta zauna, idan ba su amsa ba, da la'asar motar za ta koma da ita sansanin ƴan gudun hijira.

Alƙasim ya ja yayarsa bayan rumbu. "Yaya, Manzo nawa ka akwai ƙasar Adar? Kowa yaj ji yunwa shina iya zama jikanai. Bari mu gani da idonmu."

Dabararsa ba ta da wuya. Tun zamanin da kakanninsu ba su fara salla ba, zabo ne kan gidansu: ba sa yanka shi, ba sa ci. An bar tsafi tuntuni, Alƙasim kansa shi ne ladanin masallaci, amma zabo bai taɓa shiga tukunyarsu ba. Idan baƙuwar jinin Manzo ce, za ta ƙi ci. Ya aika gidan maƙwabciyarsu Binta aka yanka zabuwa aka dafa a can.

Fatsima ba ta so abin ba, amma ba ta damu sosai ba, don ta tabbata yarinyar za ta ture kwanon. Ta zauna tana jan ta da hira, tana dariyar Hausarta, tsohuwar Hausar Adar da Larabci ya shiga ya fita. Ta daɗe ba ta ji daɗin rana kamar wannan ba.

Aka kawo tuwo da miya, Binta ta buɗe kwano tana faɗa da ƙarfi, kamar yadda aka umarce ta: "Zabuwa ce, baƙuwa, ci ki ƙoshi!"

Hamdiya ta dubi naman ta daɗe. Sannan ta yi bisimilla, ta ɗauki cinya ta kai baki.

Fatsima ta daina dariya. Alƙasim, da ke zaune nesa kaɗan yana jan carbi, ya yi gyaran murya irin ta wanda ya ci shari'a, ya juya zai yi wa Rukaiya magana. Fatsima kuwa idonta na kan yarinyar. Ta ga tana tauna kamar mai haɗiyar magani, hawaye na sauka cikin miya, amma hannunta bai tsaya ba.

"Ɗiyata, mi ya faru? Yaji ne?"

"A'a, Goggo." Ta share fuska da bakin mayafi. "Gidanmu ba mu cin wannan. Kakana ya hana, ya ce haka ya taras wurin iyayensa. Amma gidan da suka kulle mu a Libiya, wadda ta ƙi abin da aka ba ta duka take sha. Na koyi in ci. Kuma na ji tsoro in na ƙi abincinku ku ce ba ni da ladabi, ku mayar da ni."

Carbin Alƙasim ya tsaya a hannunsa. Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa, ga kuma Binta tsaye da murfin kwano tana kallonsa.

Fatsima ta ji tausayi da fushi lokaci guda. Yarinyar nan ta karya hanin kakanta a gaban danginta, kuma su ne suka sa ta. Ta matso, ta wanke hannu, ta tsoma cikin kwanon ta yago tsoka. Duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa sanin ɗanɗanon zabo ba.

"Yaya!" in ji Alƙasim. "Mi kike yi?"

"Ɗiyar gidanga ba ta cin abin ga ita ɗai," ta ce tana tauna. "Tashi ka sallami mai mato, ka ce su sauke kayanta. In ka dawo ka wanko hannu, ga fiffike na aje maka."