Idon Mai Shari'a

"Ɗaga muryarka, kotu ba ta jin ka," in ji lauyar da ke kare wanda ake tuhuma.

Tsohon Mai Shari'a ya dafe katakon akwatin shaida. Shekara talatin da takwas shi ke faɗa wa mutane wannan magana, sha ɗaya daga ciki a babbar kotu. Wata biyar da yin ritaya, ga shi tsaye gaban wani majistare sa'an ɗansa, yana ba da shaida a kan makaniken da ake tuhuma da fasa masa gilashin mota da ɗauke jakarsa.

"Na ce shi ne. Na gan shi da idona."

"Kana ina lokacin?"

"Ƙofar kantin magani. Taku ashirin zuwa motar."

Ya gane muryarta tun da ta buɗe baki. Tana sabuwar lauya ya taɓa korar ta daga kotunsa, ya ce gara ta buɗe shagon ɗinki tunda sa rigar kawai ta iya. Har masinja ya yi dariya ranar.

"To, ga wanda ake tuhuma can, bai fi taku takwas ba. Wace irin riga ce a jikinsa?"

Mai gabatar da ƙara ya zabura. "Wannan cin mutunci ne! Ta san da wa take magana kuwa?"

"Da shaida na biyu," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Majistare ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, in ka gaji, sai mu ɗaga zaman..."

"Tambayar tana kan ƙa'ida," Mai Shari'a ya katse shi. "Kar ka yi mini alfarma, yaro. Yi aikinka."

Ya juya wajen makaniken. Wani dishi-dishi kawai yake gani, kamar mutum a bayan labule. Yana iya cewa shuɗiya, yawancinsu ita suke sawa. Daga bencin baya wata mata ta ja tsaki ta ce, "Wata biyu yana tsare, Allah ya isa." Ɗan sanda ya daka mata tsawa.

"Ba na iya gani," ya ce.

"Maimaita, a rubuta."

"Ba na iya ganin rigarsa."

"Wa ya ce maka shi ne, ke nan?"

"Direbana ya ce ya yi kama da shi."

"Ya yi kama." Ta bar kalmar ta zaga ɗakin. "Tun yaushe idon ya lalace?"

"Wannan bai shafi shari'ar nan ba."

"Kai ne alƙali yau? Ka rantse, amsa mini."

Ban da matarsa da likita da magatakardansa, ba wanda ya sani. Magatakardan ne ke kulle ƙofar ofis yana karanta masa fayil, shi kuma ya haddace hukunci ya fito yana juya takardu a gaban jama'a.

"Shekara uku."

Kotu ta kaure da surutu. Kafin azahar majistare ya sallami makaniken. Da makaniken ya zo wucewa ta baranda, ya tofar da yawu dab da takalmin tsohon, matarsa ta ja hannunsa suka tafi.

Mai Shari'a na zaune a benci yana jiran mota ya ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmin lauyar.

"Kin rama," ya ce. "Hankalinki ya kwanta?"

"Kai ka ɗauka ta kanka nake? Akwai mutum tara a gidan yari da ka ɗaure cikin shekara ukun nan. A kowane hukunci ka rubuta cewa ka lura da fuskar shaida, ka gamsu gaskiya yake faɗa. Zan ɗaukaka ƙara a kan dukansu, kuma sai na kira ka."

"Za su cire hotona daga bangon babbar kotu."

"Su cire."

Ya daɗe yana murza kan sandarsa. Direba ya iso, ya tsaya nesa-nesa.

"Sha huɗu ne, ba tara ba," ya ce. "Ki turo mini takardar rantsuwa gida in sa hannu. A buga ta da manyan baƙaƙe."