Baƙin da Ba na Lalle Ba

A shekarun da soja suka koma bariki, bangayen unguwar Madabo a Kano suka cika da fastocin 'yan takara, ciwo iri ɗaya ya kama Alhaji Nata'ala da matarsa Hajiya 'Yardada: hanyar jinin ƙafa ta toshe. Shi da wuri ya farga, don kullum a ƙasa yake zuwa kasuwar Kurmi, sai sharaɓarsa ta ɗaure a hanya. Ita kuwa ina tafiyar take? Daga ɗaki sai madafi. Ba ta ankara ba sai da ƙafar hagu ta fara zogi tana zaune.

Tare aka kai su Masar, aka zura wa kowannensu ɗan bututun ragar ƙarfe ya buɗe jijiyar. Alhaji ya dawo garau, har matasa yake riga shiga masallaci. Amma likitan da ke duba su a Kano bai ɓoye mata ba.

"Hajiya, naki ba irin na Alhaji ba ne. Jijiyar mata ta fi siranta, ga shi kun fi zuwa a makare. Bututun zai iya sake toshewa. Kullum ki duba yatsunki. Da kin ga sun sauya launi ki taho, in ba haka ba ƙafar ce za ta tafi."

Tun daga ranar tsoro ya tare a ƙirjinta. Kowace safiya sai ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince shinkafa.

Sai ga bikin autarta Bahijja. Uwar amarya da fararen ƙafafu? Ai dangi sai su cinye ta ɗanya. Ta so ta noƙe, ƙannenta suka yi mata caa, ta miƙa wa Mero mai ƙunshi ƙafafun. Mero ta ɗaure su, ta bi da gishirin lalle, suka fito baƙi siɗik, kowa na santi.

Ana gama biki ƙafar hagun ta fara sanyi, ga zogi kamar ana tsira allura. Hajiya ta duba. Me za ta gani? Yatsu duka baƙi, dama da hagu. Ta dirje da lemon tsami, lalle ya ce yana nan.

Ta gaya wa Alhaji. Bawan Allah ya yi dariya, ya buga tasa ƙafar a ƙasa.

"Haba Hajiya, aiki ɗaya fa aka yi mana. Gajiyar biki ce, ni ma na ji."

Ta yarda, don ta fi son ta yarda. Da zuwa gaban likita namiji da ƙunshi raɗau ana cewa tsohuwa ta yi gayu, gara ta jira ya koɗe.

Ya koɗe ɗin kuwa, ya koma ja-ja. Ban da yatsu biyu na hagu.

Ran nan da hantsi Mero ta biyo yi mata ban gajiya. Hajiya ta miƙa ƙafar, tana murmushin dole.

"Mero, wannan gishirin naki akwai naci. Dubi nan, ya ƙi fita."

Mero ta durƙusa ta kama ƙafar, ta yi saurin saki don sanyi. Ta sake kamawa, ta kankara da farce. Hajiya ba ta ji komai ba.

"Hajiya," in ji Mero, "wallahi wannan baƙin ba nawa ba ne."

Salati ya cika gidan, aka ce sai asibiti. Mota ba ta shiga lungunsu, sai an taka zuwa titi, Hajiya kuwa ta kasa ko dogara ƙafar. Mero da wata maƙwabciya suka tallabe ta. Alhaji na gaba da sauri, yana waiwaye.

A tsakiyar lungu takalmin hagu ya zame ya faɗi gefen kwata. Mero ta gani, Alhaji ya gani, ita ma Hajiya ta gani. Babu wanda ya koma ya ɗauko.