Ɓauren Mansura

Ranar Talata da safe katangar gidan Sharif ta tsage daga ƙasa har sama.

Bashari ne ya fara gani, don shi ke share wajen. Shekara goma sha tara yana tuƙa motar gidan nan a unguwar Nasim, tun mahaifin Sharif na da rai. Kafin nan malamin labarin ƙasa ne a Haɗejiya, ilimin da bai yi masa wani amfani a Riyad ba, in ban da sanin dalilin da ya sa ba a ruwa. Ya tsaya da tsintsiya a hannu yana duban tsagar. Yatsu biyu za su shige. Daidai gindin ɓauren ta faro.

Matarsa Mansura ce ta shuka shi, lokacin tana dafa wa gidan abinci. Wata shekara ta dawo hutu da busassun 'ya'yan ɓaure ƙulle a bakin zane, ta tsirar da su a gwangwanin madara, ɗaya ya rayu. Sai ta gano wani ɗan fili a bayan ɗakinsu, jikin katanga, inda ƙasa ba ta bushewa ko a tsakiyar zafi.

"Malam, zo ka ga fadama," in ji ta.

A gida, ƙasa mai danshi kyauta ce daga Allah, ba a tambayarta inda ta samo ruwa, shuka ake yi. Amma Bashari ya yi karatu. Ya san a garin nan ƙasa ba ta jiƙewa haka kawai, in ka ga danshi to bututu ne ya fashe a ƙarƙashi. Ya buɗe baki, ya dubi fuskarta, ya je ya ɗauko mata shebur.

Bayan shekara biyu aka binne ta a maƙabartar Nasim. Kabari ba suna, ba alama, sai duwatsu biyu irin na kowa. Layi yake ƙirgawa in ya je ran Juma'a. Ɓauren kuwa ya ci gaba da sha. Yanzu shekararsa takwas, ya zarce katanga, inuwarsa ta rufe mota, baƙi har tsayawa suke su yaba hannun direba.

Ƙarfe goma Sharif ya fito, tare da mai gyaran famfo, wani Mamane ɗan Maraɗi, wanda suke haɗuwa da Bashari a masallaci. Sharif bai ɗaga murya ba. Bai taɓa buƙatar haka ba. Shi ne kafil, ubangidan da ya tsaya masa, iƙamar Bashari, takardar zamansa a ƙasar, a hannunsa take, saura wata biyu ta ƙare, kuma sau biyu a watan jiya ya yi zancen cewa idon tsohon ya fara rauni.

"Abu ɗaya nake son sani," ya ce wa Mamane da Larabci. "Saiwa ce ta fasa bututun, ko da ma a fashe yake? In a fashe yake, akwai wanda ke share wurin nan kullum, yana taka laka, bai faɗa mini ba."

Bai dubi Bashari ba.

Mamane ya shiga haƙa. Laka baƙa ta riƙa fitowa mai warin rijiya. Da ramin ya kai masa ƙugu sai ya durƙusa, ya yaye saiwoyin da suka nannaɗe ƙarfen, ya shafa da babban yatsa. Ya ɗago yana murmushi, kamar mai zancen ƙwallo, ya koma Hausa.

"Malam, wannan tsatsar ta girmi bishiyarka."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kana Maraɗi kana ɓata wa mutane famfo."

"Kai tsohon nan! Shekara takwas kana shayar da ita ruwan tankin Balarabe, ana cewa hannunka da albarka?"

"Me yake cewa?" in ji Sharif.

"Yana cewa rana ta yi zafi, ranka ya daɗe," Mamane ya amsa da Larabcinsa na kasuwa.

Bashari ya matso bakin ramin. Ya rage murya.

"Faɗa masa gaskiya. Saiwa ba ta fasa komai ba, ruwa ta tarar ta bi. A canja bututu, a ɗaure katanga, a bar ta."

"In na faɗa, kafin la'asar ya buga maka huruj, fita ba dawowa. Daga Haɗejiya za ka riƙa zuwa ziyarar Juma'a?"

"Ba ruwanka."

"Da ruwana mana, ga ni a ciki tsamo-tsamo. Malam, itace ne fa. Matarka tana can, ba nan ba."

"Yalla, a yi sauri," in ji Sharif yana duba agogo.

Bashari ya riga ya shirya maganarsa. Tun da safe yake jera ta a ransa, da Larabcin littafi, ba na titi ba, kowane wasali a mazauninsa. Ya gyara murya.

Mamane ya riga shi. Ya ɗaga wata saiwa mai kaurin damtse sama, laka na ɗiga.

"Ita ce, ranka ya daɗe. Irin wannan itacen ko dutse fasa shi yake. Bututun lafiyarsa lau kafin ta kama shi, bai fi wata uku ba. Daga sama ba mai ganewa."

"Halas, shi ke nan. A sare ta yau, har saiwa." Sharif ya juyo, ya dafa kafaɗar Bashari, irin dafawar da ake yi wa tsohon da ya zubar da shayi. "Ba laifinka ba ne, baba. Ku can daji ne, ina za ku san abin da itace ke yi wa gini? Ɗauko mota, kasuwar Dira za mu."

Da suka fito, masu zarto biyu na sauke kaya daga wata akori-kura. Ashe tun kafin haƙa aka kira su.

Daga Nasim zuwa Dira tafiyar minti arba'in ce in hanya ta cushe, kuma ta cushe. Sharif na baya, waya manne a kunne. A danja ta farko Bashari ya dube shi ta madubi, ya ce, "Ranka ya daɗe." Sharif ya ɗaga masa yatsa ɗaya. A ta biyu yana dariya da wani. A ta uku wayar ta mutu, Bashari ya ja numfashi zai yi magana, sai mai motar da ke bayansu ya danna masa oda. Koriyar fitila ta kawo. Ya sa giya.

A bakin kasuwa Sharif ya sauka, ya ce a dawo masa bayan la'asar, kuma gobe a tuna masa zancen sabunta iƙama.

Ko da Bashari ya koma gida, rana ta sauka a bayan ɗakinsa, fara fat, a wurin da ta shekara shida ba ta taɓa ba. Mamane ya tafi. An jera guntayen ɓauren a bakin ƙofa, farin ƙaro na tsatsowa daga yankan, an bar masa ya loda. Ya naɗe hannun riga. Maganar na nan a bakinsa yadda ya jera ta, ba abin da ya goce: ni na sani tun ranar farko, ita ba ta yi komai ba, ƙishirwa kawai take ji.