Layin da Ya Kashe wa Likita Kasuwa

Ko allura bai taɓa riƙewa ba, amma duk ofishin Likita ake ce masa, don shi kaɗai ke farfaɗo da saba, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet na kamfanin. Sabar nan kuwa raguwa ce. Ma'aikatan cikinta, wato 'yan manhajojin da ke raba masu shiga shafin a tsakaninsu, sai su cika ƙwaƙwalwar injin har ya shaƙe, komai ya tsaya cak. Nan fa sai ihu: "Ina Likita?" Gogan sai ya gama kurɓar shayinsa tukuna, ya kashe ya kunna, a yi ta sa masa albarka.

Kwatsam aka ɗauki wata yarinya aiki, Mai Gilashi. Ta buɗe fayil ɗin saituna, ta rage ma'aikatan daidai ƙarfin injin, ta ƙara layi guda na umarni: duk wanda ya daɗe yana aiki a sallame shi, a tayar da sabo. Shi ke nan, ciwo ya warke.

An ce kishi kumallon mata, to wannan karon ƙato ya kama. Ba mai nemansa kuma. In ya ji Manaja yana yaba ta, sai shayin ya koma masa ruwan maɗaci. Yarinyar da ko igiyar firinta ba ta san inda take ba!

Wata safiya ya faki ido ya goge layin. Ya jira kwanaki, sai ga shafi ya sandare ana tsakiyar hidima. Likita ya gyara zama, ya miƙe yatsu.

Manaja ya taho da gudu. "Likita, tashi ka ba Mai Gilashi kujerarka, kwamfutarka ta fi sauri!"

Ya tashi, to ya zai yi? Ya tsaya a bayanta kamar ɗan rakiya. Ta duba fayil ɗin, ta ga sunan wanda ya taɓa shi ƙarshe. Sai ta mayar da layin, shafi ya dawo.

"Me ya faru?" in ji Manaja.

"Wani layi ne ya fita, ranka ya daɗe. Daga yau Yaya Likita zai riƙa sa mana ido a kai."

Manaja ya dafa kafaɗar Likita. "Madalla. Ka dage ka koya a wurinta."

Wallahi da ta tona shi, da ya fi masa sauƙi.