Abincin Baƙo

Tun da Allah ya yi wa matarsa Suwaibatu rasuwa, Malam Uwais bai ƙara sa hannu a kwano ɗaya da wani mahaluki ba. 'Ya'ya sun girma sun watse, shi kuma yana can Lokoja yana koyarwa, cikin mutanen da ko gaisuwarsu bai gama iyawa ba. Kullum sai ya sayo shinkafa a leda, ya zauna bakin katifa ya ci yana kallon bango. Abin na cin ransa, amma da wane baki dattijo mai furfura zai ce yana kewar abokin cin tuwo?

Da aka ba da dogon hutu, damina ta kankama, sai ya ɗauki jaka ya nufo gida. Abokai uku gare shi tun makarantar horon malamai, waɗanda suka yi shekaru suna ci a kwano ɗaya, suna kokawa a kan ƙanzo: Lawwali a Ƙanƙara, Mas'ud a Faskari, Gide a Sabuwa. Ba kuɗi ya fito nema ba, ba mata ba. So yake ya zauna da ɗayansu a ci abinci, shi ke nan.

Lawwali ya zama Alhaji, babban dillalin hatsi, ga tumbi ya sauka. Ya rungume shi har da ƙwalla, ya yi masa ta'aziyya, ya zagaya da shi tsofaffin unguwannin garin yana nuna shi ga mutane kamar sabuwar mota. Da azahar aka kai shi ɗakin baƙi mai kafet, aka jera kuloli, aka ajiye cokali.

"Bismillah, Malam," in ji Alhaji Lawwali. "Ka saki jiki hwa, nan gidanka ne. Bari in ba ka wuri."

Ya ja ƙofa ya fita. Haka ake girmama baƙo a ƙasar nan, ba a tsaya masa a ka, don kada kunya ta hana shi ƙoshi. Uwais ya san haka sarai, shi ma ya sha yi wa wasu. Ta taga yana jiyo Lawwali da maƙwabtansa a ƙofar gida sun zagaye tire, ana shewa ana zolayar wani mai babbar loma. Ya miƙe zai fita, kunya ta mayar da shi. Ya ci abin da ya iya, ya rufe kula.

Hanyar Faskari kore shar, masara ta fid da goyo, dawa ta kai ƙirji. Sai dai gonakin da ke kusa da daji duk ciyawa ta cinye su, kuma da suka iso wajen direba ya kashe rediyo, motar ta yi tsit. Duwatsun Faskari na nan yadda ya san su, inda suke hawa da samartaka su hangi tsohon gari. Gidan Mas'ud ne ya canza: kwaɗo a ƙofa, tafasa ta tsiro har bakin dokin ƙofa. Wani maƙwabci ya ce ai tun bara ya kwashe iyali ya koma Funtuwa, saboda 'yan bindiga. Mutumin kirki ne maƙwabcin. Ya shimfiɗa masa tabarma a zaurensa, ya kawo fura a ƙwarya an rufe da faifai, ya ce a sha lafiya, shi ma ya ba shi wuri.

A Mairuwa, yana jiran mota, saura kaɗan ya juya Lokoja. Can aƙalla bango bai taɓa zama abokinsa ba, balle ya ji ciwo.

Motar Sabuwa ta kafe a taɓo har sai da fasinjoji suka tura. Ya isa dumu-dumu da laka, ya tarar da Gide ya rame, gonarsa ta bakin daji ta gagari zuwa. Gide ya yi murna, amma murna mai ɗari-ɗari, yana ta "Malam" da "ranka shi daɗe", yana kakkaɓe tabarmar da ba ƙura a kanta. Zakara ɗaya Uwais ya gani yana kiwo a ƙofar gidan, ba a jima ba ya ji kukansa ya yanke.

Aka kawo tuwon dawa malmala biyu da zakaran nan ɗungurungum. Gide ya ajiye a zaure, ya ja da baya.

"Bismillah, Malam. Ni bari in dubo awaki."

Uwais ya zauna yana kallon kwanon, yayyafi na sauka a waje. Wannan karon baƙin ciki ya rinjayi kunya. Ya sungumi kwanon ya fita, ya zagaya bayan zaure. Can ƙarƙashin rumfar awaki ya iske Gide a tsugune, ya juya baya, yana kankare ƙanzon tukunya da ɗan ruwan miya. Ashe tuwon gidan kaf shi aka kai wa baƙo.

Gide ya zabura, ya nemi ɓoye tukunyar. "Subhanallahi! Malam, mi ya fito da kai? Wanga ba abincinka ba ne."

"Gide," in ji Uwais, "tun da Suwaibatu ta rasu ni kaɗai nike ci. Daga Lokoja na taho don in ci da ɗayanku, kowa sai ya rufe ni a ɗaki. Don Allah matsa mani."

Gide ya dube shi. Sannan ya matsa, ya turo tukunyar tsakiya. Uwais ya tsuguna cikin laka, ya juye tuwon da naman a ciki, suka yi bismillah. Da tuwo ya kusa ƙarewa, Uwais ya kai hannu gindin tukunya ya ɓamɓaro ƙanzo. Sai ji ya yi an make masa hannu.

"Kai Uwais, ɓarawon banza! Har yanzu ba ka daina ba? Ƙanzon ga nawa ne."

Rabon da wani ya kira sunansa haka gatsal har ya manta. Hawaye suka zubo masa, bai share ba, kuma bai saki ƙanzon ba.