Safar Baba Elias

"Ki taɓa safar nan ki gani! Wallahi sai na tashi daga gadon nan!"

Muryar Baba Elias ce ta tsallako katanga ta same ni ina kwasar tuwon rana. Na ajiye mara na zagaya. Na tarar da 'yarsa Winifred tsaye a ƙarshen gado da kwanon ruwa da tsumma, shi kuma tsohon da ko kofin shayi ya daina iya ɗagawa ya ƙanƙame ƙafafunsa da hannu bibbiyu.

"Maman Naila, don Allah ki yi masa magana," in ji Winifred. "Likita ya ce a riƙa goge masa jiki. Zafin Afrilu ne fa, kowa na neman iska, shi yana cikin safar ulu!"

Ni kuwa ni na saƙa safar. Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya a Samaru. Sana'ata saƙa hulunan jarirai, Baba ne babban jaririn da nake yi wa aiki. Duk Kirsimeti sai na saƙa masa sabuwa, ta hagu ba ta kai ta dama girma ba. Ranar da na fara auna ƙafarsa ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa abin da na gani ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ni da duk layi suka san bakina, Allah ya sani sirrin nan ya yi mini nauyi.

Labarin yaƙinsa kuwa kowa ya haddace. A yaƙin duniya na biyu yana ɗan shekara sha bakwai, boyin wani hafsan Bature ne, an ba shi kaki da lamba. Aka kwashe sa'o'insa zuwa ƙasar Bama, shi kuma aka canja wa maigidansa wurin aiki, mutumin ya ce ba ya rabuwa da mai haɗa masa shayi, ya jefa shi jirgin ruwa. Suka sauka a wani tsibiri da babu bishiya ko ɗaya, sai dutse da iska da hazo. Sunan tsibirin kullum canjawa yake a bakin Baba, don haka muka bar shi a Tsibirin Baba. Kwana huɗu suna jan ciki cikin laka mai ƙanƙara, suna harbi ba ji ba gani, har suka isa sansanin abokan gaba. Suka tarar ba kowa. Mutanen sun kwashe komatsansu tun makonni, sai karnuka biyu da suka tare su suna kaɗa wutsiya.

Wannan ƙarshen labarin shi ne abincin Saje Zailani na Muchia, shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji a Sabon Gari. Shi sojan Bama ne, yana da tabon harsashi a kafaɗa wanda ko mai rake ya tsaya kusa da shi sai ya gani. Duk Asabar yakan hau bas ya zo Samaru don kawai ya ƙaryata Baba, su sha shayi, ya koma. Ƙungiyarsu tana da begila guda ɗaya tak, ana busa wa mamba a ƙofar gida ranar da za a fita da gawarsa. Saje ya kafa doka, ba a busa ta sai ga wanda yaƙi ya taɓa jikinsa. Baba ba ya tsoron mutuwa, ya sha faɗa mini. Tsoronsa a fita da shi shiru kamar wanda bai taɓa sa kaki ba.

Ranar kuwa Asabar ce. Muna cikin rigimar safa sai ga sallamar Saje, da sanda da ledar lemo.

"Iliya, har yanzu kana nan? Na ɗauka ka koma tsibiri."

"Ina jiran begila ne, Saje."

"Begila ta sojoji ce. Kai hazo ka harba, kare ya miƙa wuya." Ya zauna a kujerar roba yana ɓare lemo. "Shekara nawa ina cewa ka nuna mini tabo? Ko ƙwarzanen ƙaya ne, in gani."

Baba ya juya fuska bango. Na ga haƙarƙarinsa na hawa da sauka a ƙarƙashin singileti, sai raina ya ɓaci. Mutum na bakin kabari, ana yi masa rowar iskar baki!

Na ce, "Saje, kai da idon soja, ba ka taɓa lura safar hagu ba ta kai ta dama ba? Ko ka ɗauka ni ce ban iya saƙa ba?"

Baba ya waiwayo ya zuba mini harara. "Rahamatu, kin rantse!"

"A kan ƙafa na rantse, Baba. Maganar safata nake yi."

Baba ya miƙo ƙafar hagu. Can ya ce, "Mace da baki. To cire, tunda kin fara."

Na zare ta hagu a hankali. Babban yatsa na nan, na kusa da shi na nan, sauran ukun babu, wurin ya shafe sumul. Winifred, mace mai shekara hamsin da jikoki, ta dafe ƙirji. Ba ta taɓa ganin ƙafar ubanta ba.

"Baba! Mene wannan?"

"Sanyi ya cinye su," in ji shi. "Suka yi baƙi, likitan soja ya yanke. Da na dawo ƙauye na nuna, aka ce wa ya taɓa jin sanyi ya ci nama? Aka ce kuturta ce. Wata shida kwanona daban, uwata ce ke ajiye mini shi a bakin ƙofa. Na ce ba mai sake gani."

Saje ya daina ɓare lemo. Ya matso da kujera ya leƙa, ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙawa.

"Ba ku da takalma ne a can?"

"Akwai takalma, ruwa ne ke kwana a ciki. Shi ya sa kullum da yamma ake faretin ƙafa. A haɗa sojoji bibbiyu, ka cire wa ɗan'uwanka safa, ka murza masa ƙafa da mai har jini ya dawo, shi ma ya yi maka. In ƙafar abokinka ta ruɓe, kai za a hukunta." Ya yi murmushi irin na mai alfahari. "Maigidana ya koma ƙasarsu da yatsunsa goma cif."

"Kai fa, wa ya murza maka?"

"Haba Saje. Hafsa zai murza ƙafar boyi?"

Ni dai hawaye ya riga ya zubo mini, ban ma ɓoye ba.

Saje ya yi gyaran murya. "Wannan dai ba harsashi ba ne," ya ce. Sannan ya dubi Winifred. "Ke 'yar nan, akwai man kaɗanya a gidan nan?"

Ta kawo. Ya naɗe hannun riga, ya ɗora ƙafar Baba a cinyarsa, a kan farar shaddarsa, ya fara murzawa.

"Saje, da zafi!"

"Yi shiru, fareti ake. Soja bai magana a fareti."

"Ka makara da shekara sittin."

"Bas ɗin Samaru ne, ka san halinsu. Miƙo ɗayar."

Baba ya cika ranar Talata da hantsi, Winifred na karanta masa zabura. Ranar Juma'a da safe, da mutanen coci suka fito da akwatin, Saje na tsaye a ƙofar gida cikin tsohon kaki da ya yi masa yawa, begila a hannu. Haƙoransa huɗu suka rage, don haka abin da ya fara fitowa ya fi kama da kukan akuyar da aka taka wa igiya. Masu waƙa suka sunkuyar da kai suna danne dariya, Winifred na dariya tana kuka. Saje bai kula kowa ba. Ya ja numfashi ya sake, ya sake, har sautin ya miƙe ya bi layi, masu shaguna suka fito suka tsaya. Ya ƙame ya sara wa akwatin, bai sauke hannu ba sai da motar ta sha kwana.

Da sabuwar safa aka rufe shi, kwana biyu na yi ina saƙa ta. Tsohuwar safar kuma Winifred ta wanke ta da la'asar ta shanya a igiyar da ta ratsa katangarmu. Ina wanke-wanke ina kallon su suna ɗigar ruwa, ta dama da ta hagu, ɗaya ba ta kai ɗaya ba.