Abin da Auta Take Yankewa

Auta ta kashe fanka, ta zare filogin firij, ta leƙa ta taga ta roƙi mai walda da ke ƙasan benensu ya ɗaga musu ƙafa na rabin awa. Ya ce mata to, ya ci gaba da waldarsa. Kowace Talata da safe haka suke yi, ita ba ta gaji da roƙo ba, shi bai gaji da cewa to ba. Ta rufe tagar, ta rataya bargo a kai, ta buɗe durowar kaya don tufafin ciki su shanye amon ɗakin. Sannan ta gyara makirufo a gaban mahaifinta, tazarar taƙi ɗaya daga bakinsa.

"Baba, mu fara?"

Ya gyaɗa kai. Da kai yake amsa komai yanzu, sai fa in jar fitilar na'urar ɗaukar murya ta kama.

Shekara arba'in Baba ya yi yana gyaran keken ɗinki, har teloli suka manta sunansa suka koma kiransa Injiniya. Da kunne yake aiki. Ka taka keke sau uku a gabansa, ya gaya maka ciwonsa tun bai taɓa shi ba. Bara ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Ƙafa ta dawo, hannun dama ya dawo rabi, harshe kuwa ya ce a kai kasuwa. Kalmar tana nan a kansa sarai, amma kafin ta fito sai ya yi gumi. Likita ta ce maganin guda ne, ya yi ta magana, da kowa, kullum.

Daga nan Auta ta samo dabarar fodkas, wato shirin sauti da ake sakawa a intanet mutum ya saurara a wayarsa lokacin da ya ga dama. Teloli su ɗauki ƙarar kekensu su turo, Baba ya saurara ya faɗi abin da ya lalace. Ranar farko mutum goma sha ɗaya ne suka ji, kuma shida a ciki Auta ce da kanta. Amma ba ta taɓa fashin sakin shiri ran Alhamis ba, ba ta bari shiri ya wuce minti takwas ba, kuma kowane ƙarshe takan roƙi mai sauraro ya tura wa tela ɗaya tak da ya sani. Teloli kuwa ba a bar su a baya wajen yaɗa magana ba. Cikin wata biyar masu ji suka haura dubu huɗu.

Abin da dubu huɗun nan ba su sani ba shi ne minti takwas ɗin daga minti arba'in ake tace su. Auta takan zauna gaban kwamfuta ta yanke duk shiru, duk in'ina, duk nishin da Baba yake yi in kalma ta maƙale. Wani sa'in ta ɗauko rabin kalma daga nan ta haɗa da rabi daga can. Ta ƙware har ita kanta ba ta gane wurin ɗinkin. Ranar da Baba ya fara jin kansa a shirin, yana zuba magana tiryan-tiryan kamar da, sau uku ya sa aka maimaita masa, yana share ido da bayan hannu.

Tun daga ranar ya daina ɗaga waya. Ya daina sauka ƙasa hira da mai walda. Ya ji yadda Injiniya yake magana, don haka ba ya son kowa ya ji yadda Baba yake yi. Auta ta sani, ba yarinya ba ce, shekararta ashirin da takwas ko da sunan auta ya ƙi sakinta. Garin neman gira ta kusa rasa ido, kuma abin yana cin ta. Kowane mako takan ce wannan karon za ta bar ɗan shiru, ta bar in'ina ɗaya ko biyu. Kowane mako yatsanta ya riga ta.

Suna cikin tambaya ta biyu aka ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin. Mama ce, wadda ta san dokar Talata sarai, ba a ƙwanƙwasa ƙofa ana cikin ɗauka.

"Baƙuwa ce a falo," in ji Mama ƙasa-ƙasa. "Wai wurin Injiniya ta zo."

Auta ta fita tana goge tafin hannu a jikin rigarta. Wata mata ce doguwa, da tef ɗin awo har yanzu a wuyanta, ta ɗora kan keken ɗinki naɗe da tsohon zane a kan teburin falo, tana haki.

"Ke ce mai cewa a tura wa tela ɗaya, ko? Na gane muryar! Mota biyu na shiga, 'yar nan. Mai sayar mini da zare ne ya ce ya san tsohon shagonsa, daga can aka yi mini kwatance. Na ce gani ya kori ji, yau sai na ga bawan Allahn nan da idona. Kekena yana tsallake ɗinki, ga kayan mutane jibge. Kin san ni ba na fara aiki ran Alhamis sai na ji shi? Mutum ga baki, ga sani!"

"Sannu da hanya, Anti. Bari in gaya masa."

Ta koma ɗaki ta tarar da Baba ya riga ya ji komai. Ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

"Baba, daga nesa ta zo. Ko gaisawa ce ku yi."

Ya girgiza kai.

"Minti biyu kawai. Ni zan yi yawancin maganar."

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna na'urar, ya nuna ƙofa, ya nuna kunnensa, sannan ya nuna kwamfuta. Auta ta gane, ta yi fatan da ba ta gane ba. Nufinsa ta je ta ɗauko ƙarar keken, ya saurara a nan, ya ba da amsa a makirufo, ta gyara, ta kai wa matar. Matar da ke zaune taku bakwai daga inda yake.

"Haba Baba."

Ya dube ta. Ba faɗa a idonsa, roƙo ne, kuma da faɗan ne da ya fi mata sauƙi.

Ta ɗauki na'urar ta fita. Ta ce wa baƙuwar Baba ba ya jin daɗi yau, mura ce, ba ya son ya shafa mata. Ƙaryar ta fito sumul, ba inda ta maƙale. Matar ta yi ta jajantawa, ta kwance zanen, ta juya keken da hannu, Auta ta kara na'urar kusa da allura. Ta koma ɗaki. Baba ya saurara, ya nuna a sake ɗauka daga ƙasa, a kuma juya a hankali. Ta fita, ta durƙusa, ta ɗauka, ta dawo. Mama ta kawo wa baƙuwa shayi tana bin 'yarta da kallo.

Jar fitila ta kama. Baba ya matso.

"Al... al... allu..." Ya tsaya, ya haɗiye yawu. Ƙasa mai walda ya ja wata doguwar ƙara. "Allurar... ta... ta lan... lanƙwashe. Tana... taɓa..."

Minti shida ya yi kafin ya gama. Allurar ta ɗan lanƙwashe tana gogar gidan zaren ƙasa, sannan ƙurar yadi ta taru a ƙarƙashin haƙoran keken. A canza allura, a share da buroshi, a ɗiga mai sau biyu, kada a taɓa kowane noti.

Auta ta ja kwamfuta. Daga falo muryar baƙuwar tana shigowa, tana ba Mama labarin yadda take yi wa masu koyon ɗinki a shagonta gori, wai su koyi magana a natse irin ta Injiniya. Auta ta yanke, ta matsar, ta haɗa. Sau biyu ta yi kuskure don sauri. Ta tashi kamar za ta fita ta faɗi gaskiya, ta kai bakin ƙofa, ta dawo ta zauna. Minti shida suka koma daƙiƙa hamsin.

Baƙuwar ta saurara da baki buɗe. Ta zaro sabuwar allura daga jakarta, Mama ta miƙo tsohon buroshin haƙori, aka share, aka ɗiga mai. Ta ɗora ƙyalle ta juya. Ɗinki ya tafi ɗoɗar, babu tsallake ko ɗaya.

"Kin ji! Da mura ma haka yake magana! Allah ya ƙara lafiya, Injiniya!" ta ɗaga murya wajen ƙofar da ke rufe. Ta ɗan jira. Ƙofar ba ta amsa ba. Ta yi dariya don ta rufe kunyar, ta naɗe kekenta, Auta ta raka ta har ƙasan bene.

Da ta hawo ba ta iya zama ba. Ta mayar da filogin firij, ta kwashe kofuna, ta shiga kicin da su. A nan ta tarar da Mama tsaye gaban wurin wanke-wanke, famfo yana zuba a banza, abin saurare a kunnenta. Auta ta taɓa kafaɗarta, Mama ta firgita, igiyar abin sauraren ta zare daga jikin waya, muryar Baba ta cika kicin yana bayanin yadda ake ɗaure bel ɗin keke. Shirin wata uku da suka wuce ne.

"Mama, ke kuma me ya haɗa ki da bel?"

Mama ta rufe famfo. Shekara talatin ta yi tana koyarwa, ba ta saba kewaye-kewaye ba.

"Duk na haddace su. Kullum sai na ji biyu ko uku. To ina zan ji shi in ba nan ba? Ke kina da Talata. Teloli suna da Alhamis. Ni da na yi shekara talatin da huɗu da shi, kai yake gyaɗa mini." Ta goge fuska da gefen ɗankwali. "Ban ce kin yi laifi ba. Je ki, ga shi can yana buga tebur."

Haka yake kiranta yanzu, da bugun tebur sau biyu. Ta same shi ya juyo da kujerar, ya jawo makirufo da kansa. Ta ɗauka tambayar da suka bari za su ƙarasa, ta kunna na'urar. Ya girgiza kai, ya nuna wajen kicin.

"Na... na... maman... ku ne."

Auta ta zauna a bakin gado. Ya fara, ya tsaya, ya sake farawa. Jijiyar wuyansa ta tashi. Wata kalmar sau biyar ya kai mata hari kafin ta ba shi hanya.

"Ki... daina... ku... kuka... a kicin. Ina... ina ji. Ban... mu... mutu... ba."

Ya sauke numfashi, ya jingina, ya nuna kwamfuta. Nufinsa ta gyara ta kai wa Mama.

Auta ta dubi allon. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Tana ganin wuraren yanka tun ba ta taɓa komai ba, idonta ya saba. Aikin minti uku ne, a samu jimla biyu masu kyau da Mama za ta ƙara a cikin waɗanda ta haddace. Tausayinsa ya kama ta, haushin kanta ya fi tausayin yawa.

"Baba, wannan ba zan yanka ba."

Ya buga tebur.

"Ka yi haƙuri. Na teloli zan yi, in kana so. Wannan a'a."

Ya sake bugawa, da ƙarfi, har makirufo ya karkace. Tunda take bai taɓa yi mata irin wannan kallon ba. Ta miƙa hannu ta goge abin da aka ɗauka, a gaban idonsa. Ta ɗauki na'urar da kwamfutar ta rungume, ta fita.

"Mama, Baba yana son magana da ke."

"Da ni?"

"Da ke. Don Allah kada ki ƙarasa masa, ko ya daɗe."

Mama ta dube ta, ta goge hannu, ta shiga. Auta ta ja musu ƙofa, ta tsaya a waje da kayan a ƙirjinta. Ba ta san ko zai yafe mata ba, ba ta san ko akwai shiri ran Alhamis ba. Ciki shiru. Ta sauya ƙafa, ta sake sauyawa. Ta kama kanta tana ƙirga daƙiƙu, ashirin, talatin, hamsin. A duk shirye-shiryenta ba ta taɓa barin shiru ya wuce rabin daƙiƙa ba.

Ta kai ɗari da goma lokacin da kujera ta motsa a ciki.

"Ma..." in ji Baba. "Ma... Mala... Malama."

"Na'am," Mama ta ce. "Ina jin ka. Ba inda za ni."